Mai Riƙon Igiya a Tudun Aduwa

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga hannun mahaifinka Isuhu magini, a nan Tasawa, zuwa ga ɗana da ya ci sunan mahaifina, Babana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa motarku ta kai Mayahi ba ta kafe cikin rairayi ba. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya kuma tsare mutane daga sharrin bakinka. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Mu dai lafiya, sai gajiya. Ita kam ta zama 'yar gida, tare muke kwana tare muke tashi.

Na raka ka tasha da magana a bakina, na kuma komo da ita gida. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar hira ba, kuma rubutun boko wahala yake ba ni, ɗan abin da na tsinta a lakwal, makarantar gwamnati, ya kusa ƙarewa. Amma abin da na gani a tashar nan ya hana ni sakat. Kana tsaye ana ɗora muku siminti a kamyo, babbar motar kaya, wani mai dako ya saki buhu ya fashe. Ka ɗaga murya a gaban jama'a ka ce masa, "Kai wane irin sakarai ne?" Wallahi sai da na waiwaya ina neman wanda ya ari muryata. Mutumin ya girme ka. Ya duƙa yana tattara simintin da hannu, kai kuwa ka riga ka juya kana duba wani abu, ba ka ga fuskarsa ba. Ni na gani. Da na koma gida na ba innarka labari, ta yi dariya ta ce, "Kai ka ba shi abinka, yanzu kuma kana cigiya?"

Ni dariyar ba ta zo mini ba, saboda inda aka tura ka. Ran da ka ce mini hukuma ta ba ka aikin rijiya a Tudun Aduwa, arewa da Mayahi, ka ga na ce Allah Ya taimaka, na tashi na shiga ɗaki. A bakin garin nan akwai wani rami da rairayi ya cike rabinsa, an jibga masa ƙaya don kada awaki su faɗa. Suna ce masa ramin ɗan Tasawa. Ni ne ɗan Tasawan. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kana rarrafe ne kawai lokacin. Matan garin har yau nesa suke zuwa ɗibar ruwa, kuma mutanen da za ka nema su sauka maka cikin ƙasa su ne waɗanda suka ƙi sauka mini, ko 'ya'yansu. In ka je musu da muryar nan ta tasha, rami na biyu za ka bari kusa da nawa.

Kafin mu sami 'yancin kai ne, bayan an soke aikin tilas. Gyaɗa tana tashe, kwamandan na Nasara, Baturen da ke mulkin yankin, yana so a ce garuruwan da ke noma ta sun sami ruwa. Aka ba ni siminti da kayan aiki, aka ce mutanen gari za su ba da ƙarfinsu, a gama kafin damina. Na isa da hantsi, kafin azahar na auna wuri na kafa turke. Ban zaga na gai da kowa ba. Na tara su gaban mai gari na zayyana musu abin da za a yi, kowa ya ce to. Mai gari ya ce, "To, Allah shi kai mu." Na tashi ina murna na sami mutane masu sauƙin kai.

Ban lura ba duk wanda ya amsa kansa a sunkuye yake, yana zanen ƙasa da tsinke. Kaka ce, bayansu bai huce daga cirar gyaɗa ba, ga dakonta a kan jakuna zuwa wurin awo, ga baƙo ya zo da takarda yana magana irin ta masu kama mutane aikin hanya. Su aikin tilas suka ga ya dawo da sabuwar riga. Da na ɗan zauna ina shan furarsu ina tambayar yaya aka ji da kaka, da na ji wannan da kunnena. Don haka in ka isa, kada ka sauke ko buhu guda ranar. Ka bi gida gida. Wanda aka yi wa rasuwa ka yi masa gaisuwa ko ta daɗe. In ka yi magana suka amsa, ka dubi idanunsu da hannuwansu kafin ka ce sun yarda.

Duk da haka aiki ya tafi, don suna son ruwan. Ka san yadda ake yi. Mutum ɗaya a ƙasa yana haƙa, igiya ɗaure a ƙugunsa, an ratsa ta kan gungume a bakin rijiya, wani a sama yana riƙe da ita, sauran suna jan ƙasa suna kwaɓa siminti. Abin da na gani ban ɗauke shi bakin komai ba shi ne, a garin nan mai sauka shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya. Ba mai gari, ba ubansa, ba kowa. Zai tsaya bakin rami ya kira suna, wanda aka kira ya taso. Haka suka gada.

Gwanin haƙarsu wani ne Nomau, gajere mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Kullum mutum ɗaya yake kira, Ɗan Jimma, abokinsa na yarinta, siriri mai tari. Ɗan Jimma ba shi da sauri. In zai sauke Nomau sai ka yi gyangyaɗi ka farka bai kai ba. Ga surutu. Yana riƙe da igiya yana leƙa rami yana yi wa Nomau tsiya, wai jakinsa ma ya fi shi iya haƙa, wai in ya tono ruwa ya ɗanɗana ya gaya musu ko da gishiri, shi kuma kana jin dariyarsa tana tasowa daga ƙasa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon rana. Ga Bawa nan a gefe yana kwaɓa, ƙato, dantsensa ɗaya ya yi biyun na Ɗan Jimma. Na ce a raina wannan ai wauta ce, a bar mai ƙarfi kan kwaɓa a ba mai tari igiya.

A cikin kwanakin nan aka kira ni Mayahi. Kwamandan ya tsayar da ni a rana ƙofar bironsa, wato ofishinsa, ya tambayi zurfin da muka kai, ya faɗa mini abin da ya faɗa ta bakin tafinta, masu gadi suna murmushi. Na koma da maganar a ƙirjina. A lokacin na ɗauka fushi nake yi da ragwancin mutane. Sai da na tsufa na gane tsoro ne, tsoron a karɓe aikin in komo Tasawa a ce magini ya kasa. Zagin da aka yi mini na ɗauko ina neman inda zan sauke. Kai ma akwai na sama da kai, ko da yake yanzu namu ne, kuma wata rana za su tsayar da kai a rana. In haka ta faru kada ka zarce bakin aiki. Ka je masauki ka yi alwala, ka ci abinci, ka tambayi kanka mene ne yake cin ka. Sau da yawa za ka tarar ba ruwan mutanen da ke jiranka a bakin rami.

Washegari da safe Nomau ya ɗaura igiya, ya buɗe baki zai kira Ɗan Jimma, na riga shi. Na ce, "Daga yau Bawa ke riƙe maka."

Masu jan ƙasa suka tsaya, Bawa ya bar kwaɓa ya sunkuyar da kai. Nomau ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada a ji, ya ce, "Malam, yau jikina ba shi so. A bar ni in ja ƙasa, gobe in Allah ya kai mu in sauka."

Hanya ya buɗe mini don mu fita tare ba wanda ya ji kunya. Ni ban gane ba. Da na ce to, na ja shi gefe da azahar na tambaye shi, ko na tambayi mai gari, da yau ana shan ruwa a Tudun Aduwa. Sai na ɗaga muryar nan da ka gada na ce, "Ashe gwanin da ake faɗa mini matsoraci ne? In ba ka iyawa ka koma gida ka karɓi taɓarya, matarka ta zo ta sauka."

Uban matar tasa yana zaune gindin aduwa, a kunnensa aka yi. Ka san abin da suruki yake. Mutumin da Nomau ba ya iya cin abinci a gabansa, wanda in ya hango a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Na san yana wurin, na ma gaishe shi da safen. Ban dai haɗa biyun a kaina ba. Tsohon ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Nomau ya juya bakin rami. Ya miƙa wa Bawa igiya ba tare da ya dube shi ba, ya sauka. Ba abin da ya faru, Babana. Igiya ba ta tsinke ba, ƙasa ba ta rufta ba. Ya yi haƙar da bai taɓa yin irinta ba, bai nemi a fito da shi ya sha fura ba har la'asar. Bawa kuma ya ƙi a karɓe shi ko na ɗan lokaci, ya kafe ƙafa ya riƙe, gumi yana zuba, da aka tashi na ga fatar tafinsa ta saɓule. Ba wanda ya yi dariya ranar. Ni kuwa na auna zurfi na ga mun wuce na kullum nesa ba kusa ba, na ce ashe tsawa suke so. Na yi barci mai daɗi, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da gari ya waye ni kaɗai ne a bakin rijiya. Na bi gida gida, abin da ya kamata in yi tun farko. Wannan ya kai gyaɗa awo, wancan akuyarsa ta ɓata, wani ya tafi gaisuwar mutuwa garin Hawandawaki. Kowa ya tarbe ni da fara'a, matansu suka ba ni ruwan da suka sha wahalar ɗaukowa. Nomau kuwa aka ce ya yi kudu tun asuba, cin rani, ya bar matarsa da ciki. Ka kiyayi ranar da aiki ya yi sauri amma ba mai tsokanar wani. Ta fi ranar da ake gardama da kai muni, don mai gardama bai tafi ba tukuna.

Nan ma da sauran gyara. Da na je gidan surukin nan na durƙusa na ce na yi kuskure, da wataƙila ya aika an komo da Nomau. Girman kai ya hana ni. Na ce ni da takardar hukuma zan durƙusa wa manomi? Na koma Mayahi na kai ƙara, aka haɗa ni da gardi, ɗan sandan kwamandan mai jar hula. Mutane suka fito kuwa, ba wanda ya ƙi. Sai dai gugar ƙasa guda sai ka gaji da jira ba ta iso ba, wanda ya sauka kuma sai ya ce iska ta yi masa kaɗan a fito da shi, kuma ba ka da hanyar cewa ƙarya yake. Gardin yana zaune inuwa yana cin goro, ba ruwansa da abin da ke ƙasa. Haka muka yi ta jan ƙafa har hadari ya haɗo. Ruwan farko ya zubo da rairayi ta inda ba mu kai ga ɗaurewa da siminti ba. Aka kira ni aka karɓe aikin. Abin da na ji wa tsoro shi ya same ni, kuma ni na jawo shi.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina mutanen Tudun Aduwa ragwaye ne. Sai bara, ranar kasuwar Mayahi, na ji an ce "Malam Isuhu" a bayana. Bawa ne, ya kawo tunkiya, furfura ta fito masa. Muka gaisa, ya ja ni inuwa ya ɓara goro ya ba ni rabi. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi me na yi musu da zafi haka, don ni a ganina zagi ɗaya ne, kuma an zage ni fiye da haka ban bar gari ba.

Ya daɗe yana juya nasa rabin a hannu. Sannan ya ce, "Malam, ashe har yau ba a hwaɗa maka ba? Zamanin aikin tilas, da anka zo ɗibar mutane aikin hanya, Nomau anka nuna. Ubanshi na kusa da mai gari, ya yi magana, anka sake shi anka ɗauki ƙanena Audu. Audu bai komo ba. Ko kabarinshi ba mu sani ba."

Na ce, "To ashe tsoro Nomau ya ji kada ka sake shi."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Ya san ba ni sakin shi, ni ma na sani. Amma igiya tana tsinkewa, Malam, ƙasa tana ruhtawa. Da wani abu ya same shi rannan a hannuna, wa za shi yarda ƙaddara ce? Ɗiyana da jikokina da sunan za su tashi. Shi kuma can ƙasa, in ya ɗaga kai, wan Audu za shi gani riƙe da ranshi. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, mun iske yadda za mu zauna gari guda. Igiya ɗai munka bari. Kowa ya sani, har yara. Kai ɗai ba ka tambaya ba."

Ya buɗe mini tafinsa wai in gani, ko da yake ba tabo. Ya ce har yau in ya ja guga mai nauyi sai ranar ta faɗo masa. Na tambaye shi labarin Nomau. Ya ce ya komo bayan surukin ya rasu, yana nan, ba ya bi ta wajen ramin. Ɗan da ya bari a ciki shi ne yanzu gwanin haƙa a yankin. Ka ji wanda zai sauka maka. Kai ba ka san shi ba, shi kuwa ya san sunan ubanka tun kafin ya yi wayo.

Na gaji, Babana, bari in taƙaita. An koya maka abin da ba a koya mini ba, ka san haɗin siminti da ƙarfe, ka iya karanta zane. Ban raina wannan ba, da shi rijiya ke tsayuwa. Amma duk wanda zai zo maka aiki da safe ya taho da wani abu daga gida, wani yunwa, wani marar lafiya a kwance, wani tsohuwar magana irin ta Audu, kuma ba za su faɗa maka a gaban jama'a ba. In ka ga al'adar da ta yi maka kama da ɓata lokaci, ka sami tsoho a keɓe ka tambaya kafin ka taɓa ta. In za ka yi wa mutum gyara, ka duba wa ke zaune gindin itace. In ka yi kuskure, za ka yi kuwa, ai kai ɗana ne, ka je ka durƙusa a ranar, kada ka bari ya kwana.

Kada ka ɓoye ko kai ɗan wane ne. Ka faɗa da bakinka gaban mai gari tun ranar farko, kafin wani ya gane ka ta murya. Ka je gidan Nomau ka gaishe shi. Kada ka tsaya nema mini gafara da dogon bayani, ba ya son yawan magana. Ka ce Isuhu yana gaisuwa, ya ce ya san abin da ya yi. In ya amsa, madalla. In ya yi shiru ka ɗan zauna tare da shi haka nan, sannan ka yi sallama.

A ƙasan buhun kayanka, ƙarƙashin garin da innarka ta ƙulla maka, akwai igiyar kaba. Na san hukuma ta ba ku tata. Wannan ni na tufka ta, tun ran da ka ambaci sunan garin, shi ya sa ka ga ina yini zaure ba na ce maka komai. Kada ka raina ta, na gwada ta da nauyin da ya fi naka. Ni ban taɓa sauka ramin nan ba ko sau ɗaya, a sama na tsaya ina auna zurfinsa. Ina so ranar da za a fara sauka, kai ka fara. Ka ɗaura ta a ƙugunka ka tsaya bakin rami. Kai baƙo ne, ba ka da sunan da za ka kira. Ka ɗaga bakinta a hannu ka ce, "Wa zai riƙe mini?" Sannan ka yi shiru. Kada ka nuna kowa, kada ka dubi mai ƙarfi. Jiran zai yi maka tsawo, za ka ji muryar nan tana tasowa a maƙogwaronka, ka haɗiye ta. In ba wanda ya taso, ka kwance, ka naɗe, ka yi musu godiya, gobe ka sake.

Innarka ba ta san na gaya maka haka ba, in ta sani ba zan ƙara shan fura a gidan nan ba sai ka dawo. Ni ma ba daɗinsa nake ji ba. Ɗana nake turawa cikin ƙasa a hannun mutanen da na ɓata wa. Amma na san su, ba su taɓa sakin kowa ba.

In Allah Ya sa kun kai ga ruwa, ka bari matan gari su fara ɗiba. In sun gama, ka cika mini ɗan gora ka ba mai zuwa Tasawa. Ko da laka ba komai. Ina so in yi alwala da shi kafin a yi mini wanka da wani.

Allah Ya tsare saukarka, Ya tsare fitowarka. Allah Ya ƙarfafa hannun da zai riƙe maka, ko na wane ne. Allah Ya maido mana da kai lafiya kamar yadda ka bar mu. Ka gai da mai gari, ka gai da Bawa, ka ce na gode da goro.

Wassalam.

Mahaifinka, Isuhu.